Idon Makaɗi: Tarihin Inda Waƙa Ke Fitowa a Yammacin Ƙasar Katsina

Akwai wata tambaya wadda ɗalibai ba su gajiya da yi wa malamin Hausa, ita ce, daga ina mawaƙi ya ke samo waƙarsa? In malami ya ce baiwa ce daga Allah, ya faɗi gaskiya, amma bai ƙosar da mai tambaya ba, domin kuwa noma ma baiwa ce, ga shi kuwa muna iya bayyana yadda a ke sassabe da shuka da huɗa. In kuma ya ce aljanu ne ke ba shi, kamar yadda a kan ji a bakin jama'a, to, ya rufe ƙofar bincike ke nan tun ba a buɗe ta ba.

Nufina a wannan takarda in nuna cewa tambayar nan tana da amsa wadda tarihi zai iya bayarwa. Zan ɗauki yanki guda, watau ƙasar Safana da Batsari ta yammacin Katsina, in duba irin zaman da mutanenta suka yi, da irin abin da zaman nan ya koya wa makaɗansu su lura da shi. Sa'an nan in ɗauki mawaƙi guda daga maƙwabtan wannan yanki, Alhaji Mamman Shata, wanda muryarsa ta wanzu a faifai har mu ke iya gwada maganarmu da ita. Abin da na ke so in tabbatar shi ne, aikin mawaƙi yana farawa daga ido da kunne tun kafin ya iso ga harshe, idon nan kuwa ƙasa da zamani su ke yi masa horo.

Ƙasar da Abin da Ya Same Ta

Wanda ya fita daga birnin Katsina ya fuskanci yamma maso kudu, ya kan shiga wata ƙasa mai duwatsu da ƙoramu, inda gonakin gero da dawa da rogo ke ƙarewa a bakin daji. Hakimin Batsari shi ke riƙe da sarautar Sarkin Ruma, na Safana kuwa Yariman Katsina. Daga yamma da su Dajin Rugu ne, wanda ya miƙa har ya shiga ƙasar Zamfara ta wajen Zurmi.

Mai kallon dajin nan ya kan zaci haka ya ke tun fil azal, alhali kuwa yaƙi ne ya faɗaɗa shi. Sa'ad da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci Katsina wajen 1807, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki, zuriyar sarakunan da aka kora suka yi arewa, daga baya suka kafa Maraɗi. Tun daga ran nan yammacin Katsina da arewacinta suka zama bakin daga. A zamanin Sarki Siddiku ɗan Ummarun Dallaje garuruwan yankin Ruma suka yi tawaye da goyon bayan Ɗanmari, Sarkin Katsina na Maraɗi. Siddiku ya murƙushe tawayen da tsanani, garuruwa da yawa suka watse, gonaki suka koma saura, saura ta koma kurmi. Shi kansa Siddiku an tuɓe shi a 1844.

Bayan wannan da shekara tara, cikin watan Maris na 1853, Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda a ke kira Abdulkarimu, ya biyo ta nan a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Sakkwato. Ya sauka a Zakka, wadda ke cikin ƙasar Safana a yau, ya kuma ba da labarin fargabar da ayarinsu ya sha wajen ratsa dajin da ke tsakaninta da Zurmi don tsoron rundunar Gobirawa, ga kufai a kan hanya. Haka aka ci gaba da zaman ɗar-ɗar har ƙarshen ƙarni na 19, zamanin barade irin su Ɗanwaire, wanda sunansa ba ya rabuwa da na Ruma.

Da Turawa suka shigo Katsina a 1903, aka naɗa Muhammadu Dikko a 1906, hare-hare suka ƙare. Hakimai suka fita daga birni suka zauna a gundumominsu, talakawa suka fito daga bayan ganuwa suka kafa ƙauyuka, gyaɗa da auduga suka shigo da kuɗi, hanyar mota ta biyo baya. Cikin shekarun 1960 kuma aka keɓe gandun dajin Ruma da Kukar Jangarai don makiyaya. Ke nan zama iri biyu ƙasar nan ta gani kafin zamaninmu: na tsoro, da na kasuwa. Ko wane kuwa ya haifi irin nasa makaɗi.

Makaɗin Bakin Daga

Mutanen da suka yi kusan shekara ɗari suna kwana da kwari da baka a gefen shimfiɗa ba za su ga darajar kome kamar ta jarunta ba. Sabo da haka kiɗan da ya yi ƙarfi a irin wannan wuri shi ne wanda masana ke kira kiɗan maza, watau na yaƙi, da na farauta, da na tauri, da na dambe da kokawa, da ɗan'uwansu na noma. Ko wane namiji da ya isa a san da shi yana da take, ɗan gajeren sautin ganga wanda da ya ji ya san da shi a ke. Yana kuma da kirari wanda shi ko maroƙi zai ɗora a kan taken. Makaɗi shi ne ma'ajin waɗannan duka. Wajibi ne ya san wane ɗan wane ne, daga wane gari kakansa ya taso, wace rana ya yi abin faɗi, wace rana ya ji kunya, wa kuma ke gaba da wa.

Mu ɗauki farauta misali. Da rani mutanen garuruwa da yawa kan haɗu su shiga daji, a kan kuwa yi rigima a kan nama, mai ƙarfi ya ƙwace na raggo. Makaɗin da ya bi su ba ya harbi, ba ya jifa, aikinsa kallo. Shi zai ga wanda ya fara tarar dabba, da wanda ya noƙe bayan kalgo, da wanda aka ƙwace wa nama ya haƙura. In an komo gida, abin da ya gani shi zai zama waƙa, abin da ya shiga waƙa kuwa shi jama'a za su riƙe a matsayin abin da ya faru. In ya yi kuskure ya ba wani abin da ba nasa ba, ya ƙulla gaba ke nan wadda mai yiwuwa sai ta kai ga jini. Wanda ya ke son jin irin wannan kiɗa ya nemi faifan Kassu Zurmi, wanda ya rayu a ɗaya gefen dajin, ya yi wa 'yan tauri da mafarauta waƙa, har da ɓarayi. Zai ji mutum wanda ya san mazajensa ɗaya-ɗaya, da inda ko wane ya kwana da inda ya tashi.

A noma ma haka abin ya ke. Na taɓa halartar wata gayya a wani ƙauye kusa da Runka, tun ƙasa tana kwance lafiya. Samari suka jeru, ko wane ya kama kuyya tasa, wani tsoho mai gangar noma yana biye da su. Ban ga ya dubi gangarsa ba ko sau ɗaya, idonsa yana kan kafaɗun manoma. Da ya ga kafaɗar wani saurayi ta fara sanyi, sai ya saki taken da ya ke kaɗawa, ya ɗauko na uban yaron, wanda ya riga mu gidan gaskiya, aka kuwa san shi da noma. Yaron nan ya yi ihu, ya duƙa, bai ɗago ba sai a bakin gona. Da aka zauna shan fura na tambayi tsohon yadda ya san lokacin da zai juya kiɗa. Ya yi dariya, ya ce mini ai shi ma ya yi noma, ya san inda gajiya ke fara kama mutum.

Amsar tsohon nan ta ƙunshi abu uku waɗanda za mu sake gamuwa da su. Na farko, abin da ya tara a ka tun yana yaro, watau taken kowa da asalin kowa. Na biyu, abin da idonsa ya gani a wannan lokaci. Na uku, fili da jama'ar da ke cikinsa, waɗanda su ma sun san uban yaron, don haka suka gane abin da ganga ta faɗa.

Gado, da Iska, da Lura

Hausawa da kansu sun ba da amsa iri biyu ga tambayarmu. Ta farko ita ce gado. Kiɗa da roƙo sana'a ce kamar ƙira da fawa da jima, ɗa ya kan taras da ita a gidan ubansa. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya bayyana a 1957 yadda maroƙi ke da ƙanƙanin matsayi a idon jama'a, amma kuma manya ke shakkar bakinsa. Yaron da aka haifa a gidan kiɗa ya kan fara da ɗaukar kaya, ya koma ƙaramar ganga, ya shiga amshi, sai bayan shekaru ya sami bakin jan waƙa. Abin da gado ke ba shi shi ne ma'aji, da kuma dogon lokacin da zai yi yana kallon ubansa yana kallon mutane. Amma gado shi kaɗai bai isa ba, don kuwa gida guda kan fid da 'ya'ya biyar, ɗaya ne kurum sunansa zai ƙetare garinsu.

Amsa ta biyu ita ce iska. In mawaƙi ya gagara, sai ka ji ana cewa yana da aljanu masu kawo masa waƙa. Dalilin wannan zato ba ɓoyayye ba ne. A wajen bori, wanda Anthony King ya rubuta kirarinsa kamar yadda ya ji shi a Katsina, aka buga a 1966, ko wane iska yana da takensa, mai garaya kuwa shi ke kiransa. Jama'ar da ta saba ganin kiɗa yana sauko da iska ba za ta sha wuyar gaskata cewa iska na sauko da waƙa ba. Amma ko a nan, wanda ya zauna kusa zai ga mai garaya bai ɗauke idonsa daga fuskar mai hawa ba, yana lura da lumfashinta da rawar jikinta, ya san sa'ad da zai tsananta da sa'ad da zai sassauta.

A ganina, abin da ya sa a ke jingina waƙa ga aljanu shi ne, jama'a suna ganin ranar girbi, ba su ga ranar shuka ba. Mawaƙi ya buɗe baki magana ta zubo, ba wanda ya gan shi yana shiri, sai a ce lalle da wani a bayansa. Shirin kuwa an yi shi a bainar jama'a, a kasuwa da tasha da bakin rijiya, sai dai ba a gane shiri ne ba, domin kama ya ke yi da zaman banza.

Shata: Idon Ɗan Kasuwa

An haifi Muhammadu Shata a Musawa wajen 1923. Musawa tana kudu maso gabas da Safana, cikin ƙasar Katsina ɗaya, al'adunsu na dandali da na kasuwa ɗaya ne. Muhimmancinsa ga bincikenmu shi ne, ba gadon kiɗa ya yi ba. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama maroƙi ba ko kaɗan. Tun da babu gado, ba mu da abin da za mu duba sai makarantun da ya yi da kansa, su ne dandali da kasuwa. A dandali ya shiga waƙoƙin asauwara na samari da 'yan mata, inda a ke jifan juna da magana nan take, wanda ya tsaya tunani a yi masa dariya. A kasuwa ya yi tallar goro da alewa. Mai talla kuwa ba shi da jari kamar sanin fuska. Cikin ƙiftawar ido zai rarrabe mai saye da mai taya wa banza, da mai kuɗi mai rowa, da matalauci mai son a gan shi.

Daga Musawa ya koma Bakori, wajen Abdullahi Inde, wani ɗan sarautar Musawa mai aikin sayen auduga da gyaɗa. A 1952 sunansa ya fito a Kano wajen Bikin 'Yan Sarki. A 1960 ya tare a Funtuwa, garin auduga, wanda ke kan hanyar jirgin ƙasa ta Zariya zuwa Ƙauran Namoda da aka buɗe a 1929. Duk waɗannan wurare matattara ce ta sababbin mutane waɗanda zaman lafiya da kuɗi suka haifar: direbobi, da dillalai, da malaman awo, da ma'aikatan En'e, da matan da ke zaman kansu. Makaɗin bakin daga ya koyi duban jarumi. Shata ya ɗauki wannan duba ya juya ta kan mutanen hanya da kasuwa, waɗanda kafin zamaninsa ba su da mai yi musu take.

Kayan kiɗansa ma shaida ne. Kalangu kiɗan mahauta ne da 'yan mata da 'yan dambe, ba shi da gurbi a fada kamar tambari ko kotso ko taushi. Amma tsarkiyarsa, in an matse an saki, tana bin hawa da saukar muryar Bahaushe, tana kuma shiga ko wane taro. Da ya riƙi kalangu, sai ya zama ba fadar da ta mallake shi. Ya yi wa sarakuna waƙa, musamman Sarkin Daura Muhammadu Bashar, amma sunayen waɗansu waƙoƙinsa kaɗai sun isa su nuna faɗin abin da ya ke kallo: Magaji Mai Ido Ɗaya, da Bawa Direba, da Sarkin Bori Sule, da Hassan Sarkin Dogarai. Ga na dandali, ga na tasha, ga na bori, ga na ƙofar fada, ko wane ya sami mazauni.

Wanda ya saurari faifansa da natsuwa zai lura da hanya guda wadda ya ke bi. Ba ya tara wa mutum siffofi goma. Ya kan nemi alama ɗaya wadda ta raba shi da sauran mutane, ko a jikinsa, ko a sana'arsa, ko a garinsu, ko wata kyauta da ya taɓa yi, ya kafa gindin waƙa a kanta. Gindin nan gajere ne ƙwarai, makaɗansa su ne 'yan amshinsa, suna maimaita shi bayan ko wane ɗan waƙa. Mai sauraro ya kan ɗauka amshi ado ne kurum, amma yana da wani aiki. Sa'ad da 'yan amshi ke karɓa, bakin mawaƙi na hutawa, idonsa na yawo cikin taro. Wanda ya shigo yanzu, da wanda ya miƙe zai yi kari, da wanda ya sunkuyar da kai, duk suna iya faɗowa cikin ɗan da zai biyo baya. Wannan ya sa in ka gwada ɗauka biyu ta waƙa guda, kamar Bakandamiyarsa, inda ya ke maganar kansa da sana'arsa, za ka taras gindi ɗaya ne amma 'ya'yan sun sha bamban. An sha tambayarsa yawan waƙoƙinsa, ya kan ce bai sani ba. Ba abin mamaki ba ne, don wanda ke ɗinka sabuwar riga a ko wane taro ba ya ƙidayar riguna.

Idon da ke gano abin yabo shi ne dai ke gano abin zambo, shi ya sa a ke tsoronsa kamar yadda a ke sonsa. Kunnensa kuma bai gaza idonsa ba. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a watan Yuli na 1969, Shata ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, abin da labarinsa kurum ya iso ƙasar Hausa. Ya yi wa sojoji waƙa a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu a Kano ran 18 ga watan Yuni 1999, aka rufe shi a Daura. Allah ya jiƙansa.

Waƙar Nan Take da Waƙar Shiri

Kada a ɗauka abin da muka faɗa a ƙasar Hausa kaɗai ya ke. Cikin shekarun 1930 wani malamin Amurka, Milman Parry, da almajirinsa Albert Lord, suka ɗauki muryoyin mawaƙan baka na ƙasar Yugoslabiya, waɗanda ke rera dogayen waƙoƙin yaƙi ba tare da rubutu ba. Lord ya fitar da sakamakon binciken a 1960. Abin da suka gano shi ne, mawaƙin baka ba haddace waƙa ya ke yi kalma-kalma ba. Yana da tarin gutattsarin magana waɗanda suka riga suka dace da karin kiɗansa, da su ya ke gina waƙa a lokacin da ya ke rera ta. Ɗandatti Abdulƙadir, wanda ya yi nazarin Shata ya sami digirin dakta da shi a Jami'ar Indiyana a 1975, ya buɗe wa masu binciken Hausa wannan fage. Hakika Shata yana da irin wannan tari: hanyoyin kiran sunan mutum da na ubansa da garinsu, da hanyoyin jero garuruwa, da na godiya, da na gugar zana. Su ne tubalinsa. Amma tubali ba ya gaya wa magini inda ƙofa za ta fuskanta, wannan aikin ido ne.

Makaɗan fada hanyarsu dabam ce. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, da shi da mutanensa su kan rera dogayen ɗiya baki ɗaya, abin da ba shi yiwuwa sai an zauna an shirya an haddace tun a gida. Makaɗin fada ubangidansa ɗaya ne, yana kallonsa shekara da shekaru, ya san asalinsa da maƙiyansa da 'yan'uwan da ke haƙon gadonsa. Kallonsa mai zurfi ne a wuri guda, kamar mai haƙa rijiya. Na Shata mai faɗi ne, kamar makiyayin da ya san ko wace mashaya. Bambancinsu yana ga lokacin da ke tsakanin gani da faɗi: wancan ya kwana da abin da ya gani yana sassaƙa, wannan ya faɗa tun ƙurar ba ta kwanta ba. Dukansu biyu da gani suka fara.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Da wannan takarda ta tsaya nan, da ta zama hira kurum. Amma akwai abin da ke neman kuɓuce mana. Makarantar da ta yi wa makaɗan yankin nan horo ita ce dandali da dare, da gayya, da farauta, da kasuwar ƙauye, da bikin da a ke kwana ana yi. Tun cikin shekarun 2010 Dajin Rugu ya sake zama maɓoyar 'yan bindiga, satar shanu ta koma satar mutane. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari a dare guda. Cikin waɗannan shekaru ƙauyuka da dama sun tashi, mutanensu suka tare a Batsari da Dutsin Ma da Katsina. Mai karatun tarihi ba zai kasa tunawa da kufan da Barth ya ratsa ba. In an ƙidaya hasarar irin wannan zamani a kan ƙidaya rayuka da dukiya, haka kuwa ya kamata. Amma akwai wata hasara wadda ba ta shiga lissafi. Yaron da ya tashi inda ba a fita dandali bayan magariba, ya rasa ajin farko na makarantar da Shata ya yi. Tsohon da ya san taken mutum ɗari, in an raba shi da garinsu, ya zama mai riƙe da mabuɗan gidan da ya rushe, don take ba shi da ma'ana sai a gaban waɗanda suka san mai shi.

Sabo da haka ina roƙon malamai, musamman na makarantun horon malamai, abu biyu. Na farko, a tura ɗalibai 'yan wannan yanki su nemi tsofaffin makaɗan noma da na farauta da na tauri a duk inda suka sami mafaka, su ɗauki muryarsu. Kada su tsaya ga kalmomin waƙa. Su tambayi wa aka yi wa, a ina, ran da me ya faru, me makaɗin ya gani har ya faɗi haka, su wa ke wurin. Mun daɗe muna rubuta matanin waƙa mu tsige ta daga filinta, sa'an nan mu yi ta neman salo a cikinta, kamar mai nazarin kifi a kan tire. Littafin tarihin Shata wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006 ya nuna irin amfanin da ke cikin bin sawun mutanen da aka yi wa waƙa. Ƙananan makaɗan ƙauye ma sun cancanci irin wannan ɗawainiya.

Na biyu, in muna koyar da ƙagen labari ko waƙa, mu fara da koyar da lura. Kafin a ce wa yaro ya auna kari ko ya daidaita amsa-amo, a aike shi kasuwa ya zauna kusa da mai awo ko mahauci ko ɗan kamasho, ya komo da abu ɗaya tak wanda ya raba wannan mutum da sauran masu sana'arsa. In ya iya wannan, sauran aikin koyo ne da haƙuri. In bai iya ba, kome yawan kalmomin da ya haddace, waƙarsa za ta zama riga ba mai sawa.

Baiwa dai ta Allah ce, yana ba wanda ya so. Amma tarihin Safana da Batsari da maƙwabtansu ya nuna mana cewa baiwar nan tana da gonar da ta ke tsira a ciki, ita ce jama'a zaune lafiya a wuri guda, sun san juna, suna taruwa, da wani daga cikinsu a gefe yana kallo. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Allah ya zaunar da ƙasar nan lafiya, ya mai da kowa garinsu, amin.